Iliya Mecinikof, Mai Ƙayar Fure (1845–1916)

Duk wanda ya ratsa kasuwar Malam Madori a lokacin mangwaro ya san waɗansu 'yan mitsitsin ƙudaje masu jan ido da ke yanyame ruɓaɓɓen ɗan itace. A nan ba mai kula su. Amma a ɗakunan bincike ana kiwonsu cikin kwalabe, ana sukarsu da allura mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, domin a gano garkuwar da jiki ke zuwa da ita tun haihuwa. Tushen wannan tunani yana komawa ga wani masani mutumin daular Rasha, Iliya Mecinikof, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Élie Metchnikoff, ko da yake shi ba da wannan ƙuda ya yi suna ba.

An haife shi a watan Mayun 1845 a wani ƙauye na lardin Karkif, cikin ƙasar Yukren ta yau. Shi ne auta. Karatun shekara huɗu na jami'ar Karkif ya gama shi cikin shekara biyu, ya wuce Jamus da Italiya yana nazarin ƙananan halittu, daga baya ya zama malami a jami'ar Odesa. Mutum ne mai kaifin basira, mai kuma saurin karaya. Da tarin fuka ya kashe matarsa ta fari a 1873 har ya nemi halaka kansa, sa'a ce kawai ta sa ya rayu. A 1882 rikicin siyasa ya ishe shi, ya ajiye aiki, ya kwashi iyalinsa zuwa Mesina, a tsibirin Sisili.

A can ne abin ya faru. Wata rana iyalinsa sun tafi kallon wasan birai, ya rage shi kaɗai da madubin likita, yana duban 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikin 'ya'yan nan garau yake, ana hango cikinsu suna raye. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu yawo a ciki, waɗanda ya daɗe da sanin suna haɗiye abinci. Sai ya yi tunanin ko su ne kuma masu tsaron jiki. Ya fita lambu, ya tsinko ƙayoyin fure, ya soka su ƙarƙashin fatar 'ya'yan. Gari na wayewa ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayar zobe, kamar yadda mugunya ke taruwa a ƙafar wanda ya taka ƙaya. Aka raɗa musu suna fagosait, wato ƙwayoyi masu ci.

A lokacin likitoci da yawa suna ɗaukar kumburi da mugunya a matsayin ɓarna tsantsa, waɗansu ma na ganin fararen ƙwayoyin jini su ke yaɗa cuta. Ga kuma wani wanda ba likita ba ya ce yaƙi ne jiki ke yi. Dole ya kawo hujja da cuta ta gaske, tun da ƙaya ba cuta ba ce. A 1884 ya same ta a jikin ƙumar ruwa, wata 'yar halitta irin masu zama a kududdufai da tafkuna. Wani yis mai tsini kamar allura kan huda hanjinta ya shiga jiki. Mecinikof ya zuba ido: in ƙwayoyin suka cinye shi, ƙuma ta rayu, in ya fi ƙarfinsu, ta mutu. Wannan gwaji ya fi na ƙaya nauyi, ko da yake labarin ƙayar ne ya fi daɗin bayarwa, shi ne kuma aka fi riƙewa.

A 1888 Luwi Fasta ya ba shi wuri a cibiyarsa da ke Faris, a nan ya ƙare rayuwarsa. Shekaru ya yi yana jayayya da masanan Jamus, waɗanda suka nace cewa kariya tana cikin ruwan jini. Kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, ɗaya daga cikin jigogin wancan ɓangare. Da girma ya zo masa ya koma kan nazarin tsufa, ya yarda cewa nono mai tsami na ƙara tsawon kwana, kullum sai ya sha. Masu fura da nono za su so wannan magana, sai dai hujjarta ba ta kai ta ƙumar ruwa ba. Ya rasu a Faris ran 15 ga Yuli, 1916, da ciwon zuciya. An ajiye tokar gawarsa a ɗakin karatu na cibiyar.

Bayan rasuwarsa hankalin masana ya fi karkata ga sinadaran kariya da jini ke ƙerawa bayan ya gamu da cuta. Ƙuda kuwa ba shi da irin waɗannan, abin da aka haife shi da shi kaɗai ya mallaka, shi ya sa ya dace da tambayar Mecinikof. A 1972 Hans Boman na ƙasar Suwidin ya nuna cewa ƙudan da aka fara yi wa allurar ƙwayoyi marasa illa yakan jure masu kisa. A 1996, a birnin Sitirasbog na Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka gano cewa ƙudan da ƙwayar gadonsa mai suna Toll ta lalace, funfuna ce ke cinye shi. Ba a jima ba aka ga dangin Toll suna irin wannan aiki a jikin ɗan Adam, Hoffmann kuma ya sami rabon Nobel a 2011.

Aikin da kansa bai yi nisa da na Mesina ba. Ana sumar da ƙudaje da iskar kabon, a tsoma siririyar allura cikin ƙwayoyin cuta, a soki kowane ƙuda a ƙirji, a mayar da su kwalba, a riƙa ƙirga matattu kowace rana. Mafi yawan ƙwayoyin da ke yawo cikin jinin ƙudan kuwa masu haɗiya ne, irin waɗanda suka kewaye ƙayar fure a 1882.