Christopher Sholes, Mutumin da Ya Shigo da Tafireta Ofis

An haifi Christopher Latham Sholes ranar 14 ga Fabrairu, 1819, a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Tun yana matashi ya koyi aikin ɗab'i, daga bisani ya koma jihar Wisconsin, inda ya zama editan jarida, ya yi ɗan majalisar jiha, ya kuma shugabanci kwastan a tashar jiragen ruwa ta Milwaukee.

A zamaninsa da hannu ake rubuta yawancin takardun hukuma, akawu kan wuni yana kwafar wasiƙa ɗaya bayan ɗaya. A 1868 shi da abokansa biyu, Carlos Glidden da Samuel Soule, suka sami takardar mallakar fasahar keken rubutu. Na farkon yana yawan cijewa, ƙarafan haruffa na sarƙewa da juna, don haka Sholes ya shafe shekaru yana gyara shi yana sauya jerin haruffan, har ya kai ga tsarin QWERTY.

Kamfanin Remington, mai ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, ya fara sayar da tafiretar a 1874, tana buga manyan baƙaƙe kaɗai. Sannu a hankali ta mamaye ofisoshi, ta sauƙaƙa aikin takardu, ta kuma buɗe wa mata ƙofar aikin akawu.

Sholes ya sayar da haƙƙinsa da wuri, wasu ne suka kwashi ribar. Ya rasu a Milwaukee ranar 17 ga Fabrairu, 1890. Jerin haruffan da ya tsara shi ne har yau a kan kwamfuta da wayar hannun ma'aikata.