Peter Medawar: Masanin da ya gano dalilin da jiki ke ƙin karɓar dashen ido

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu wani jirgin yaƙin Birtaniya ya faɗi kusa da gidan wani matashin masanin dabbobi a birnin Oxford. Wani daga cikin sojojin jirgin ya ƙone ƙwarai, aka nemi matashin ya taimaka. Sunansa Peter Medawar, kuma abin da ya gani ne ya canza alkiblar rayuwarsa.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1915, a Burazil. Mahaifinsa ɗan asalin Labanan ne, mahaifiyarsa 'yar Ingila. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford.

A lokacin, duk fatar da aka yanko daga jikin wani aka ɗora wa wanda ya ƙone, sai ta ruɓe ta faɗi. Likitoci da dama sun ɗauka rashin ƙwarewar tiyata ne.

Medawar ya tafi Glasgow, ya yi aiki da likita Thomas Gibson. A 1943 suka nuna cewa idan aka sake ɗora fata daga mutum ɗaya, jiki yana kashe ta da sauri fiye da karon farko. Wato jiki ya gane baƙon, bai kuma manta shi ba. Wannan aikin garkuwar jiki ne.

To amma ido fa? Tun 1905 likita Eduard Zirm ya yi nasarar dasa tantanin gaban ido, wannan da yake garau kamar gilashi, alhali babu maganin danne garkuwar jiki.

A 1948 Medawar ya kawo amsa. Ya dasa fata a sashen gaba na idon zomaye, ya ga tana rayuwa muddin jijiyoyin jini ba su kutsa cikinta ba. Da zarar sun shiga, sai ta lalace.

Lafiyayyen tantanin ido ba shi da jijiyoyin jini, don haka fararen ƙwayoyin jini ba sa kaiwa gare shi cikin sauƙi. Amma idan ƙuna, ciwo ko tsohon dashen da ya lalace ya sa jijiyoyi suka tsiro, hanya ta buɗe. Ƙwayoyin garkuwar jiki za su far wa sabon tantanin, musamman shimfiɗar ciki mai tsotse ruwa. Idan ta mutu, tantanin ya kumbura, ya yi fari, gani ya dushe.

Shi ya sa ake gargaɗin wanda aka yi wa dashe: in ido ya yi ja, ko yana zafi, ko ba ya son haske, ko gani ya ragu, a garzaya asibiti. Maganin ɗigawa na sitiroid kan ceto dashen idan aka fara da wuri.

A 1960 Medawar ya samu kyautar Nobel tare da Macfarlane Burnet na Ostireliya. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 1969, amma ya ci gaba da bincike da rubuta littattafai har rasuwarsa a Landan ranar 2 ga Oktoba, 1987.