William Perkin: Yaron Da Ya Nemi Magani Ya Samu Rini

A wannan makon mun kawo muku tarihin William Henry Perkin, wanda aka haifa a Landan a 1838. Yana ɗan shekara 15 ya shiga kwalejin kimiyyar sinadarai, a hannun wani malami Bajamushe mai suna Hofmann.

A hutun 1856, yana da shekara 18, ya gwada haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a wani ɗaki na gidansu. Gwajin bai yi ba, wani baƙin abu ne kawai ya kwanta a gindin kwalba. Da ya zuba masa sifirit, sai ruwan ya koma launin shunayya. Ya tsoma ƙyallen siliki, launi ya kama. A lokacin yawancin rini daga tsirrai ake samunsa, kamar yadda masu rini a Ƙofar Mata ta Kano suke amfani da baba.

Perkin ya bar kwaleji don ya kafa masana'antar rini. Malaminsa bai ji daɗi ba. Mahaifinsa kuwa ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, da sana'ar ta rushe da gidan ya shiga uku. Sun buɗe masana'antar a Greenford a 1857, kasuwa kuma ta karɓe su. Duk da haka, a 1874 ya sayar da ita ya koma binciken da yake ƙauna, har ya mutu a 1907.

'Yan uwa ɗalibai, idan gwajinmu ya ɓaci a ɗakin kimiyya, mu duba da kyau kafin mu zubar.