John Kay

John Kay (17 ga Yuni, 1704 – wajen 1779) mai ƙera kayan saƙa ne ɗan ƙasar Ingila, wanda aka fi saninsa da ƙirƙiro ƙoshiya mai tashi a shekarar 1733. Wannan na'ura ta ba masaƙi ɗaya damar saƙa ƙyalle mai faɗi shi kaɗai, kuma cikin sauri, aikin da a da sai mutum biyu suke iya yi. Ana lissafa ta cikin abubuwan farko da suka buɗe ƙofar juyin masana'antu a Birtaniya. Duk da haka Kay bai ci moriyarta yadda ya yi fata ba. Ya kashe dukiyarsa wajen shari'a da masu amfani da ita ba tare da biya ba, daga baya ya koma Faransa inda ya mutu cikin talauci.

Akwai wani John Kay daban, mai gyaran agogo a garin Warrington, wanda ya yi aiki da Richard Arkwright a kan injin kaɗi. Sau da yawa akan rikita su saboda sunansu ɗaya kuma zamaninsu ɗaya.

Asali da ƙuruciya

An haifi Kay a Walmersley, wani ƙauye da ke arewa da garin Bury a yankin Lancashire. Mahaifinsa Robert manomi ne mai gonar kansa, kuma ya mutu kafin a haife shi. Ya bar masa wasiyyar fam 40 da za a ba shi idan ya kai shekara 21, tare da sharaɗin a yi masa karatu har zuwa shekara 14.

Bayan karatu an kai shi koyon sana'ar yin matsefin saƙa, wato abin nan mai haƙora da zaren tsaye ke ratsawa, wanda masaƙi ke buga abawa da shi don saƙa ta yi ƙarfi. A lokacin da tsirgen kara ake yin haƙoran. Kay ya maye gurbinsu da siririyar waya da aka goge ta yi santsi, wadda ta fi daɗewa kuma ba ta cika tsinka zare ba. Ya zagaya sassan Ingila yana sayar da irin wannan matsefi yana ɗaura wa masu saƙa, abin da ya sa ya san matsalolin sana'ar ciki da waje.

Ya auri Anne Holte a 1725. An haifi 'yarsu Lettice a 1726, sai ɗansu Robert a 1728. A 1730 ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira ta farko, a kan wata na'urar murɗa zaren ulu.

Matsalar da ya tarar

A kowace irin saƙa akwai zare iri biyu: zaren tsaye, wanda ake miƙewa a tsawon ƙyalle, da abawa, wadda ke gicciye shi. Masaƙi yana taka mataki, allira ta ɗaga rabin zaren tsaye ta sauke rabi, sai a sami kafa a tsakani. Ta wannan kafa ake wuce da ƙoshiya, wadda ke ɗauke da kwarkwaron da aka naɗe abawa a jiki.

Kafin zamanin Kay da hannu ake jefa ƙoshiya, a cafe da ɗaya hannun. Wannan ya jawo cikas biyu. Na farko, faɗin ƙyalle ba zai wuce inda hannayen masaƙi suke iya kaiwa ba. Idan ana son ƙyallen ulu mai faɗi, sai mutum biyu su zauna a gefe da gefe suna jefa wa juna ƙoshiya. Na biyu, hannun da ya cafe ƙoshiya shi ne kuma zai koma ya ja matsefi, don haka kowane zare ɗaya yana cin lokaci wajen sauya hannu.

Yadda ƙoshiyarsa ke aiki

A ranar 26 ga Mayu, 1733, Kay ya sami takardar mallaka mai lamba 542, wadda ta ƙunshi na'urar gyaran ulu da kuma sabuwar ƙoshiya. Shi da kansa ƙoshiya mai taya yake kiranta. Masu amfani da ita ne suka laƙaba mata sunan mai tashi saboda saurinta.

Ya sa wa ƙoshiyar ƙananan tayoyi a ƙasa, sannan ya maƙala wani dogon katako mai santsi a jikin firam ɗin matsefi, wanda za ta riƙa gudu a kansa. A kowane ƙarshen katakon akwai ɗan akwati da ƙoshiya ke shiga ta tsaya. Cikin kowane akwati akwai mabugi mai zamewa, kuma an ɗaure mabugan biyu da igiya zuwa wani mariƙi guda da ke rataye a gaban masaƙi. Idan ya fizgi mariƙin zuwa hagu, mabugin dama zai doki ƙoshiya ta ratsa kafar zare ta faɗa akwatin hagu. Idan ya fizga zuwa dama, ta dawo.

Da wannan tsari hannu ɗaya yana kan mariƙi, ɗayan kuma ba ya barin matsefi. Faɗin ƙyalle ya daina dogara da tsawon hannu, kuma ba a buƙatar mutum na biyu a babbar masaƙa. Akan ƙiyasta cewa abin da masaƙi ke saƙawa a rana ya ninka kusan sau biyu. Na'urar ba ta buƙatar ruwa ko tururi, kuma ana iya ɗaura ta a kan tsohuwar masaƙar hannu. Wannan sauƙi shi ya sa ta yaɗu, shi ne kuma ya sa kowane kafinta yake iya kwaikwayonta.

Rikici da masu saƙa da masu masana'antu

A watan Yuli na 1733 Kay ya haɗa jari da wasu a garin Colchester don fara ƙera ƙoshiyar. Kafin watan Satumba ya ƙare, masu saƙa na garin sun kai koke ga Sarki George na Biyu suna neman a hana amfani da ita. Tsoronsu yana da dalili, domin a kowace babbar masaƙa mutum ɗaya cikin biyu zai rasa abin yi.

A garinsu Bury kuma masu sana'ar ulu ba su yarda na'urar za ta jure aiki ba. Kay ya shafe kimanin shekara biyu yana gyara ta, har ta bambanta da wadda aka bayyana a takardar 1733. Wannan bambanci ya zama makami a hannun abokan shari'arsa daga baya.

A 1738 ya koma Leeds, cibiyar saƙar ulu a Yorkshire. A can masu masana'antu sun karɓi ƙoshiyar hannu bibbiyu, amma suka ƙi biyan sule 15 da ya yanka a kan kowace ƙoshiya a shekara. Da ya fara kai su kotu, sai suka kafa ƙungiya wadda ke biyan kuɗin shari'ar duk ɗan cikinta da aka yi ƙara. Ko da ya yi nasara, diyyar da yake samu ba ta kai abin da ya kashe ba, har ya kusa tsiyacewa. A 1745 shi da Joseph Stell suka yi rajistar wata masaƙar saƙa siraran ƙyallaye, amma bashin shari'a ya hana su ci gaba da ita. Wa'adin takardar mallakarsa na shekara 14 ya ƙare a 1747.

Akwai labarin da ya shahara cewa a 1753 gungun mutane sun fasa gidansa a Bury, ya sha da ƙyar. Masana tarihi da dama suna ganin labarin ya samo asali ne a ƙarni na 19, domin alamu sun nuna yana Faransa a waɗannan shekaru.

Zamansa a Faransa

A 1747 Kay ya tafi Faransa, inda gwamnati ke ba da tallafi ga masu kawo sababbin dabarun saƙa, musamman daga Ingila. Ya nemi a biya shi kuɗi mai yawa a dunƙule, aka ƙi. A ƙarshe ya amince da livre 3,000, kuɗin Faransa na wancan zamani, da fansho na livre 2,500 a kowace shekara daga 1749, a kan zai koya wa masu saƙa na yankin Normandy amfani da na'urar. An bar masa ikon ƙera ta shi kaɗai a ƙasar, ya kuma kawo 'ya'yansa maza uku birnin Faris don su taya shi.

Abin da ya faru a Ingila ya sake faruwa. Ƙoshiyar ta yaɗu a Faransa tun daga farkon shekarun 1750, amma yawancin waɗanda ake amfani da su kwaikwayo ne. Ya yi ta saɓani da hukumomi, ya koma Ingila a 1756, bai ga canji ba, ya sake komawa Faransa kafin ƙarshen 1758. A tsakanin 1765 da 1766 ya nemi ƙungiyar bunƙasa sana'o'i ta Landan ta saka masa, ya kuma nuna mata na'urar da ya ƙera don yin allunan taje ulu da auduga masu haƙoran waya. Bai sami komai ba.

Mutuwarsa

Yana da shekara kusan 70 aka yanke masa fansho. Ya ƙarasa rayuwarsa yana ƙera injuna ga masu sarrafa auduga a garuruwan Sens da Troyes. Wasiƙarsa ta ƙarshe da aka adana tana ɗauke da kwanan wata 8 ga Yuni, 1779, inda ya lissafa ayyukan da ya yi wa Faransa. Ana ɗauka ya mutu a ƙarshen wannan shekara ko farkon 1780.

Abin da ya biyo baya

Ɗansa Robert, wanda ya zauna a Bury, ya ƙirƙiro akwati mai hawa-hawa a 1760. Akwatin yana ɗaukar ƙoshiya fiye da ɗaya, kowace da launin zarenta, masaƙi ya ɗaga ko ya sauke shi don zaɓar wadda yake so. Hakan ya sauƙaƙa saƙa mai ratsi-ratsi, ya kuma taimaka wajen karɓuwar ƙoshiya mai tashi a wurin masu saƙar auduga na Lancashire.

Da saƙa ta yi sauri, sai zare ya yi ƙaranci, domin tun da ma mata da yawa ne suke kaɗa zaren da masaƙi ɗaya ke cinyewa. Ana danganta wannan ƙaranci da fitowar injinan kaɗi: na James Hargreaves a wajen 1764, na Richard Arkwright a 1769, da na Samuel Crompton a 1779. A 1785 Edmund Cartwright ya yi rajistar injin saƙa mai aiki da kansa, wanda ya ɗauki tsarin akwati da mabugi. A tsakiyar shekarun 1890 kamfanin Draper na Amurka ya fito da injin James Northrop, mai sauya kwarkwaro da kansa idan zare ya ƙare. A 1924 Sakichi Toyoda na Japan ya kammala injin da ke sauya ƙoshiya baki ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Daga shekarun 1950 aka fara komawa injinan da ba su da ƙoshiya, waɗanda wasunsu ke tura zare da iska ko ruwa.

Alaƙa da saƙar ƙasar Hausa

Kalmar ƙoshiya a Hausa tana nufin ludayin katako, tana kuma nufin wannan kayan saƙa mai siffar kwalekwale. A garuruwan tsakiyar Jihar Katsina irin su Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, saƙar maza ta gargajiya siririya ce. Ana yin wadari, a ɗaure ƙarshen zaren a kan kunkuru da aka danne da dutse, a saƙa doguwar ƙwarya wadda faɗinta bai cika wuce tafin hannu ba. Daga nan a yayyanka a ɗinke gefe da gefe a sami zane, gwado ko riga. Da irin wannan faɗi ƙoshiya ba ta da nisan tafiya tsakanin hannu da hannu, saboda haka matsalar da Kay ya warware ba ta taso wa masaƙin Hausa ba. Ɗinki ne ya ba shi faɗin da masaƙin Ingila ya nema ta hanyar na'ura.

Sakamakon na'urar ne ya iso ta kasuwa. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ya kuma ga yadin Manchesta a kasuwar birnin. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akoko da alawayyo na masana'antun Lancashire sun ƙara yawa da araha, yayin da ake sayen auduga a wurare irin su Funtuwa ana fitar da ita. Saƙar hannu ta daɗe tana gogayya da su, musamman a kayan ado da na aure, amma yawan masu yinta ya yi ta raguwa.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, a zamanin da kusan duk injinan saƙa na duniya suke amfani da ƙoshiya. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead and Sons na garin Rawtenstall, wanda bai kai kilomita 20 daga mahaifar Kay ba. An rufe masaƙar a 2002.

Tunawa da shi

A shekarun 1840 wani tattaɓa-kunnensa, Thomas Sutcliffe, ya nemi majalisar dokokin Birtaniya ta biya zuriyar Kay diyya, amma bai yi nasara ba. Mai zane Ford Madox Brown ya zana labarin fasa gidansa a cikin jerin zane-zanen bangon zauren birnin Manchesta. A 1908 aka kafa masa hasumiyar tunawa a tsakiyar Bury, a wani lambu da ke ɗauke da sunansa har yau.