Pierre Vernier, mutumin da dabararsa ta raba milimita gida goma

Duk wanda ya taɓa ganin makanike a Maraɗi ko Dakoro yana auna fistan da wani ƙarfe mai baki biyu, wanda ake kira piye-a-kulis, to ya ga aikin Pierre Vernier.

An haife shi a 1580 a garin Ornans, cikin yankin Franche-Comté. Yau yankin yana cikin Faransa, amma a wancan zamani sarakunan Sifen ke mulkinsa. Mahaifinsa Claude ne ya koya masa lissafi da awon ƙasa. Da ya girma sai aka ba shi riƙon gidan sarautar Ornans, aka kuma ɗora shi kan aikin buga kuɗi na yankin.

Matsalar masu awo a lokacin ita ce, in abin da ake aunawa ya faɗa tsakanin zane biyu, sai dai a yi kirdado. A 1631 Vernier ya fitar da ɗan littafi a Burusel da ya kawo mafita. Ya ƙara ƙaramin ma'auni mai zamewa a jikin babban. A awon yau, gida goma na ƙaramin daidai suke da milimita 9 na babban. Zanen da ya yi daidai da na sama shi ke faɗin kashi nawa cikin goma na milimita ya rage.

Shi dai don awon kusurwa ya ƙirƙiro dabarar, daga baya aka kai ta ga awon ƙarfe. Mai gyaran famfon rijiya a Mai Yara zai iya auna faɗin tiyo ta waje da ta ciki, ya cire, ya raba biyu, sai kaurin bangon ya fito. Tiyon da bangonsa ya cinye yana iya fashewa a ƙarƙashin ƙasa, gari ya kwana babu ruwa.

Vernier ya rasu a Ornans a 1637. An daɗe ana kiran dabararsa da sunan Pedro Nunes na Fotugal, sai cikin ƙarni na 18 sunansa ya dawo kanta. A 1848 kuma Jean-Laurent Palmer ya yi rajistar ma'auni mai sukurori a Paris, wanda har yau makanikai masu jin Faransanci ke kira palmer.