Malam Gwamna Awan, Sarkin Kagoro (1915–2008)

An haifi Gwamna Awan a Fadan Kagoro a shekarar 1915, ya kuma tashi a hannun Biya Kaka, Sarkin Kagoro da ya gabace shi, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ƙasar da ya buɗe ido a cikinta dabam take da maƙwabtanta. Dutsen Kagoro ya tsare mutanensa daga mahara, har Turawa suka iso ba Zazzau ba Jama'a da ta taɓa mallakarsu. Saboda haka aka bar Kagoro, da Jaba, da Marwa da sarakunansu na gida, alhali Atyap da Bajju suna ƙarƙashin hakiman da masarauta ke turo musu.

Da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kagoro, yaron yana cikin waɗanda suka koyi karatu a wurinsu, ya kuma karɓi Yesu. Daga nan ya tafi makarantar horon malamai ta Toro a ƙasar Bauci, ya dawo ya koyar a makarantar mishan, kafin ya shiga aikin En'e a fada.

Biya Kaka ya rasu a 1944, sai maganar gado ta raba gari. Dattawa suna tsoron cewa sarki mai bin Almasihu zai yi watsi da al'adun kakanni, jami'an mulkin mallaka kuma ba su sakin jiki da yaran mishan, don suna ganin masu ilimin nan za su dagula tsarin da suka shimfiɗa. Duk da haka aka naɗa shi a 1945, yana ɗan shekara talatin. Shi ne Kirista na farko da ya hau gadon sarauta a Kudancin Zariya.

A nan ne, a ganina, nauyin rayuwarsa yake. A wancan zamani Bature da masarauta sun yi ittifaƙi cewa ƙabilun kudu ba su isa su riƙe kansu ba. Manomi Bajju ko Atyap in ya sami matsalar gona, ko ta aure, ko ta gado, sai ya gurfana gaban alƙalin da bai san harshensa ba, balle al'adarsa. Harajinsa kuma ya wuce baitulmalin wani gari. Wannan ƙorafi ne ya tayar da Bajju a 1942, da Atyap a Zangon Katab a 1946. A Kagoro kuwa sarki da dattawan unguwanni ne ke zaman shari'a, da harshen gida, bisa al'adar da mai ƙara da wanda ake ƙara duka suka sani. Yanzu ga mai karatu da rubutu a kan kujerar, wanda zai iya duba lissafin haraji da kansa, ya amsa wa Razdan takarda. Ya matsa wa iyaye su sa 'ya'yansu makaranta, Kagoro ta zama garin malamai da masu bishara. Duk mai neman sarautar gida a kudu, Kagoro yake nunawa a matsayin hujja, abin da bai yi wa hukuma daɗi ba ko kaɗan.

Tsoron dattawa ma bai tabbata yadda suka zata ba. Bikin Afan bai mutu ba. A zamaninsa aka tsayar da shi ranar 1 ga Janairu, shi ya sa har yau 'yan Kagoro mazauna Sabon Tasha da Kafanchan ke cika motoci zuwa gida a ƙarshen Disamba.

Ya zauna a Majalisar Sarakunan Arewa a Kaduna. Ya ga zuwan 'yancin kai a 1960, da yaƙin basasa, da rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Katab na 1992. Allah ya ja kwanansa har ya ga Atyap da Bajju sun sami sarakunansu a 1995, shekara hamsin cif bayan naɗinsa, ya kuma ga gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙara masarautu ta kafa kotunan gargajiya a 2001.

Ya huta da wahalar duniya ranar 1 ga Oktoba, 2008, bayan shekara 63 a kan gado. Ufuwai Bonet ne ya gaje shi.