Walter Gowans: Irin da Aka Binne a Girku

'Yan'uwa cikin Kristi, mu da muke zaune a Mahuta da kewayenta, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, mun san darajar iri. Ko da abinci ya yi ƙaranci a bazara, maigida mai hankali ba ya barin a daka dawar da ya ware domin shuka. Da ruwa ya sauka, sai ya ɗebi wannan hatsin da ya fi kowane kyau a rumbunsa, ya sare ƙasa, ya zuba, ya take da ƙafa. Wanda bai san noma ba zai ce hasara ce. Da wannan misali Manzo Bulus ya koyar da tashin matattu a 1 Korantiyawa sura 15, da shi kuma muke so mu duba rayuwar wani saurayi da aka binne a ƙasar Zazzau tun kafin a haifi kakanninmu.

Sunansa Walter Gowans. Iyayensa mutanen Sikotland ne da suka zauna a Toronto, ƙasar Kanada. Mahaifiyarsa, Margaret Gowans, mace ce mai addu'a, wadda ta riga ta sallami 'yarta zuwa aikin bishara a ƙasar Sin. Zuciyar Walter kuwa tana kan ƙasar da Turawan lokacin suke kira Sudan, wato dukan yankin da ke kudu da hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi, suka ƙi, domin kuɗi ya yi musu ƙaranci, zazzabi kuma yana kashe Turawa da yawa a Afirka ta Yamma. Da ƙofofi suka rufe, sai ya tashi ba tare da wata ƙungiya a bayansa ba. Mutum biyu suka bi shi: Thomas Kent, Ba'amurke, da Rowland Bingham, wanda mahaifiyar Walter ce da kanta ta gayyato shi gidanta ta faɗa masa nauyin wannan ƙasa.

Ranar 4 ga Disamba 1893 suka sauka a Legas, dukansu samari ne da ba su kai shekara 30 ba. Wani babban ma'aikacin mishan da suka tarar a can ya gaya musu a fili cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai watakila jikokinsu. Ba da ƙeta ya faɗa ba, ya san kaburburan waɗanda suka gwada kafin su. Ba a daɗe ba zazzabi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas domin ya riƙa aika musu da kaya. Gowans da Kent suka nufi arewa.

Daga Bida, Kent ya koma bakin teku ɗebo guzuri, Gowans ya ci gaba. Zamanin yaƙi ne da kamun bayi. Ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Kontagora, ya rasa kayansa, daga baya aka sake shi. Ya isa Zariya jiki ya riga ya ƙare da ciwo, aka juya da shi domin a maida shi kudu. Bai yi nisa ba. Ranar 17 ga Nuwamba 1894 ya mutu a garin Girku, aka binne shi a cikin gona. Babu uwa, babu ɗan'uwa, babu majami'ar da za a kai gawarsa. Bayan mako uku Kent ma ya mutu a Bida.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi lissafi irin na mutane. Gowans bai cika shekara ɗaya a ƙasarmu ba. Bai gina majami'a ba, bai fassara ko littafi ɗaya ba, bai bar ikkilisiya a bayansa ba. In kabari ne ƙarshen magana, to, wannan saurayi ya zubar da ransa a banza, mahaifiyarsa kuma ta yi hasarar ɗa ba dalili. Bulus bai ɓoye wannan lissafi ba. A 1 Korantiyawa 15:14-19 ya nuna cewa in Kristi bai tashi ba, wa'azi da bangaskiya duka wofi ne, zunubanmu suna nan a kanmu, waɗanda suka mutu suna dogara gare shi sun hallaka, mu kuma mun fi kowa zama abin tausayi. Ashe tashin matattu ba wani reshe ba ne a jikin bangaskiyarmu. Shi ne saiwar. A sare ta, itacen duka ya faɗi.

Da Bingham ya koma Kanada a 1895, ya kai wa Margaret Gowans 'yan kayan ɗanta da suka rage. Ya ba da labari cewa ta riƙe hannunsa, ta shaida masa ta gwammace ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan cikin biyayya da ya zauna a gida yana ƙin umarnin Ubangijinsa. Wace uwa ce za ta iya wannan magana? Ba taurin zuciya ba ne. Uwa ce da ta tabbata cewa ba ta rabu da ɗanta har abada ba, domin wanda ya aike shi ya riga ya fito daga nasa kabarin.

Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kore shi. A 1902 ne aka kafa tasha ta fari a Patigi, a bakin kogin Kwara. Daga nan aikin Sudan Interior Mission, wato SIM, ya bazu. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin haɗin gwiwar mishan dabam-dabam. SIM ta kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, ta buɗe asibitin ido a Kano, ta kafa tasha a Malumfashi, bishara ta shiga ƙauyukan Maguzawa. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu da sunan ECWA. Abin da Yesu ya koyar a Yohanna 12:24 game da ƙwayar da sai ta mutu cikin ƙasa take ba da 'ya'ya da yawa ya cika a idonmu.

Amma mu yi hankali, kada mu ɗora begenmu a kan yawan amfanin gonar. Gowans bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Da a ce ba a taɓa gina majami'a ko ɗaya a arewa ba, da har yanzu bai yi hasara ba, domin alkawarin da ya riƙe ba na suna ba ne, ba kuma na tunawa da shi ba ne. Alkawari ne cewa jikin nan da ciwo ya cinye, aka rufe a Girku, zai tashi marar ruɓa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun gaskata da tashin ƙiyama, muna kuma girmama su. Abin da mu masu bi muke shaida shi ne, tashin ya riga ya fara: a rana ta uku an sami kabarin Yesu babu kowa, mutane fiye da 500 suka gan shi da rai a lokaci ɗaya. Bulus ya kira shi nunan fari. Manomi ya san cewa in zangarniyar fari ta nuna, sauran gonar tana tafe.

Wannan koyarwa ba ta ranar Ista kaɗai ba ce. A 'yan shekarun nan mun tsaya a bakin kaburbura da yawa. Mun binne waɗanda ciwo ya ɗauka, mun binne waɗanda 'yan bindiga suka tare a gona ko a hanya, wasu kuma ko gawarsu ba mu samu ba. Akwai masu bishara a ƙauyukanmu da suka yi shekaru suna aiki, masu sujada ba su wuce goma ba. Akwai gwauraye da suke tambaya cikin dare ko Allah ya manta da su. Ba mu hana kowa kuka ba, Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Sai dai kukanmu na masu bege ne. Wanda ya san inda Gowans yake kwance ya san inda namu suke, ko da mu ba mu sani ba. Saboda haka ba ma ɗaukar fansa, ba ma kuma barin aikin, gama Bulus ya rufe wannan sura da tabbaci cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba a banza take ba.

In damina ta zo muka fita shuka, bari kowane rami da muka rufe ya tuna mana da wannan. Ubangiji ya ƙarfafa bangaskiyarmu, ya riƙe mu da aminci har ranar da zai kira matattu da sunayensu. Amin.